Yana Wuyana

Haula ce ta ɗaure kanta da bakinta, babu wanda ya sa ta. Abin da ya fi ci mata rai daga baya ke nan, don da wani ne ya matsa mata, da ta samu wanda za ta ɗora wa laifi ta yi kukanta ta huta.

Ran Talata ne bayan la'asar mahaifinta, Alhaji Na'Allah mai hatsi, ya kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, allin lakwal, makarantar bokon da take koyarwa, bai ma gama fita daga yatsunta ba.

"Haula, shekara biyu ke nan Zakiru yana zarya ƙofar gidan nan. Ni ban ƙi shi ba. Ubanshi Malam Hashimu, Allah ya jiƙan shi, tare muka yi ta hawan kamiyo, motar kaya, zuwa Jibiya tun ba a haife ki ba. Amma ba ni ba ɗiyata ga mutumin da bashin miliyan goma sha huɗu ke bisa kanshi."

Ta sunkuyar da kai.

"Ga Sharifu ɗan Alhaji Sa'adu, sau uku yana turo manyanshi, sau uku ina ba su haƙuri. Kunya ta fara kama ni. To, ga abin da na yanke. Akwai takardar da ɗan kasuwa ke cikawa a jistis, wato kotu, ya ce ya karye, ba ya iya biya. Su ƙirga abin da ya mallaka, su saida, su raba wa masu bin shi, a ruhe magana. Ya tahi ya sa hannu ran Litinin. Ko da riga ɗaya ya zo mini, ni zan ba shi jari, in ba shi ke."

Kai, zo ka ga Haula! Saura kaɗan ta yi guɗa a gaban ubanta. Malamar lakwal ce, shekararta ashirin da shida, ta yarda da takarda kamar yadda ta yarda da sunanta. Sa hannu kawai? Wannan ma abin a tsaya tunani ne?

"In kuwa bai sa ba fa?" Alhaji ya tambaya, yana kallonta.

"Zai sa, Baba."

"Na ce in bai sa ba."

"In bai sa ba, ka karɓi goron Sharifu. Ni na faɗa, ba zan canza ba."

Daga bayan labule Inna ta yi salati. "Ke Haula! Wa ya aike ki?"

Haula dariya ta yi. Allah sarki, dariya ta yi.

Washegari Zakiru ya zo hira kamar yadda ya saba, bayan la'asar, suka zauna kan dakalin ƙofar gida. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, wanda a da in ya yi murmushi ƴan matan unguwa sai sun leƙo ta katanga. Yanzu rigarsa ta yi masa yawa. Tun rasuwar mahaifinsa salula biyu yake yawo da su, tasa da wata tsohuwa mai fasasshen gilashi wadda ya ɗaure da roba.

Duk Dakoro an san yadda bashin ya hau kansa. Malam Hashimu dillalin shanu ne, makiyayan Tagriss da na dajin arewa suna ba shi dabbobinsu da baki kawai, ya loda su zuwa Najeriya, ya dawo ya ba kowa kuɗinsa. Shekara talatin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sai shekarar da aka rufe iyaka, shanu suka maƙale a hanya babu ciyawa babu ruwa, wasu suka mutu, sauran aka sayar da su kuɗin awaki. Dattijo ya dawo gida, ya yi kwana tara ba ya magana, ran na goma ya faɗi a bakin masallaci.

Da aka ajiye gawa a gaban sahu, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi: "Akwai mai bin mamaci bashi? Akwai wanda ya ɗaukar masa?"

Can baya makiyaya suka fara kallon juna. Zakiru bai jira wani ya buɗe baki a kan gawar ubansa ba, ya ɗaga hannu.

"Duk abin da ake bin Baba, yana wuyana."

Aka yi kabbara, aka yi salla. Shi a zatonsa bai wuce miliyan biyu ko uku ba.

To, wannan mutumin Haula ta kawo wa albishir, bakinta har kunne. Ta zayyana masa duk abin da Alhaji ya ce, ta bar abu ɗaya a cikinta. Tana jiran ya yi tsalle, sai ta ga ya zuba wa ƙasa ido.

"Yaya Zakiru, ba ka ji ni ba ne? Baba ya yarda!"

"Na ji ki, Haula. Na san takardar. Tun watan jiya na je wurin Mushe Rashidu, tsohon akawun jistis, wanda ke rubuta wa mutane takardu. Ya yi mini bayani har sau biyu."

"To me ya hana ka?"

Kafin ya amsa, tsohuwar salular ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi. Bai ɗauka ba, ya riƙe ta a hannu har ta gaji ta yi shiru.

"Layin Baba ne," ya ce. "Akwai waɗanda ke can nesa da garke, har yau ba su ji rasuwar ba. In na ɗauka sai su ce, Hashimu, ina kwana. Ni kuma sai in rasa bakin amsawa."

"Ka kashe ta mana! Don me kake azabtar da kanka?"

"In na kashe ta, na kashe littafin Baba. Kin san bai iya rubutu ba. Duk cinikinshi da saƙon murya yake yi."

Ya danna, ya miƙo salular kusa da kunnenta.

Sai ga muryar Malam Hashimu, tar, har da ɗan tarin nan nasa, ga kukan shanu a bayansa. "Salamu alaikum, Aisata matar marigayi Sallau. Na karɓi shanunki biyar, da jar nan mai karyayyen ƙaho. Kada ki damu, amana ce. In na dawo kuɗɗinki na hannunki, in Allah ya yarda."

Tsigar jikin Haula ta tashi. Mutumin da ta ga an fita da makararsa, ga shi yana magana a kunnenta da rana tsaka. Ta ture hannun Zakiru.

"Ɗauke! Don Allah ɗauke!"

"Guda arba'in da ɗaya ne irin wannan. Na haddace su duka. Ko ban kunna ba ina jin su, a kasuwa, a masallaci. Ina cikin sujada sai in ji ya ce amana ce." Muryarsa ta karye. "Ga abin da Mushe Rashidu ya faɗa mini. Banki na bin Baba miliyan shida, suna da takarda, an sa gida da fili jingina. In na ce na karye, gidan da filin za a saida, masu takarda su fara ɗauka. Ban ga abin da zai rage ba. Su Aisata da ba su da komai sai muryar mamaci, su koma daji hannu biyu. Amma in na ci gaba da lallaɓa banki wata-wata, ina biyan makiyaya saniya-saniya, zan gama."

"Yaushe?"

Ya mayar da salular aljihu.

"Na ce yaushe, Yaya Zakiru?"

"Shekara shida. Ko bakwai."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Bakwai! Ni fa? Ni ba amana ba ce? Shekara biyu ina korar mutane saboda kai, ƙawayena kowace da goyo, ana nuna ni a biki ana ƙus-ƙus. Kai ka ci shanun nan? Kai ka rufe iyaka? Hukuma da kanta ta ce in ba ka iyawa a sauke maka!"

"Hukuma za ta sauke mini. Shi Baba fa, wa zai sauke masa? Malamai sun ce mamaci a rataye yake da bashinshi har a biya. Na ce yana wuyana, Haula, a gaban gawarshi na ce, shi ya sa aka yi masa salla da kwanciyar rai. In na zame wuyana, ina zai koma?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ƙyar ta fito da abin da ta ɓoye.

"Na yi wa Baba alkawari. In ba ka sa hannu ran Litinin ba, ya karɓi goron Sharifu. Ni na faɗa da bakina."

Zakiru ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi.

"Kin faɗa?"

"Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Wallahi na ɗauka daɗi za ka ji."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, idonsa ja wur.

"Ba zan iya ganin ki gidan wani ba. Wannan kam ba zan iya ba. Ran Litinin ƙarfe tara, rumfar Mushe Rashidu. Zan sa."

Ta samu abin da take so. To me ya sa da ta shiga gida tuwo ya ƙi wucewa?

Daga ranar muryar Malam Hashimu ta koma kan Haula. Tana rubutu a allo, yara na maimaitawa, sai ta ji ɗan tarin nan a bayanta, ta waiwaya babu kowa. Tana wanke kwanuka ta ji an ce kada ki damu. Sau ɗaya kacal ta saurare shi, amma kamar an zuba mata shi a kunne an toshe. Inna ta lura da ita, ta haɗa mata hayaƙi, ta ce ko iska ce. Haula ta ce ciwon kai ne kawai.

Ran Asabar Sharifu ya tsayar da motarsa a gabanta a hanyar kasuwa. Gaskiya a faɗe ta, ba mugun mutum ba ne. Yana da kuɗi, yana da ladabi, ga ƙamshi, abin da ya rasa kawai shi ne zuciyar Haula.

"Malama, na ji an sa ranar Litinin," ya ce. "Ba ni yi wa Zakiru mugun fata, tare muka yi lakwal. In ya sa hannu, ni zan fara yi muku murna. In bai sa ba, manyana na nan tafe da azahar. Na ce in faɗa miki da kaina, kada ki ji a bakin wani."

"Zai sa," ta ce a taƙaice, ta wuce. Wannan karon babu dariya.

Ran Litinin ta nemi izini a lakwal, ta ce tana da uzuri. Ba ta yarda da zuciyar Zakiru ba, tana so ta gani da idonta.

Rumfar Mushe Rashidu, wanda har yau ake kira Mushe irin na Faransanci, na can gefen jistis, tebur ɗaya da benci biyu. Tsohon ya riga ya jera takardu, tabarau a kan hanci. Zakiru na zaune da fararen kaya kamar mai zuwa ta'aziyya. Da ya ga Haula ya yi ƙoƙarin murmushi, abin bai yiwu ba.

A ƙasa kuwa, gefen bencin, wata tsohuwa ce zaune, baƙin zane, ƙafafu duk faso, ta rungume ƙullin tsumma. Tana ganin Haula ta washe baki.

"Wannan ce amaryar? Barka, ɗiyata, barka!" Hausarta na da karin Fulatanci. "Ni ce Aisata, daga Tagriss. Kwana biyu ina hanya, rabi a ƙasa rabi a motar kasuwa."

Haula ta gane sunan. Ta dafa gungumen rumfa.

"Ran kasuwa aka kai mana labari," tsohuwar ta ci gaba, murna fal fuskarta. "Aka ce ɗan Hashimu zai kai maganar bashi jistis, gwamnati ta shiga ciki, a raba wa kowa haƙƙinshi. Na ce alhamdu lillahi! Na ce da jikokina, ku daina kuka, nono ya kusa dawowa gidan nan. Su uku ne, uwarsu ta rasu. Shanun nan biyar su ne duk abin da Sallau ya bari."

Ta kwance ƙullin, ta fito da busasshen cukun nono guda huɗu, ta ajiye a gaban Zakiru.

"Ga tsaraba, ɗan albarka. Na maƙwabciya ne na roƙa, ni ba ni da abin tatsa. Mushe, ina zan danna yatsa? An ce mini ana danna yatsa."

Mushe Rashidu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Shekara talatin yana aikin jistis, amma sai da ya yi gyaran murya sau biyu.

"Inna, kina da takarda?"

"Takardar mi?"

"Ta shaidar kin ba Malam Hashimu shanu. Rasi, ko wani rubutu da sa hannu."

Tsohuwar ta yi dariya har da tafa hannu. "Ji Mushe da wata magana! Hashimu ake nema wa takarda? Ai ya faɗa mini. Kuma ga ɗanshi nan, ya ce yana wuyanshi, mutum ɗari sun ji. Ko ba haka ba, ɗana?"

Zakiru bai ɗago ba. Hawaye na sauka kan farar rigarsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Kuka yake yi? Allah sarki, ya tuna ubanshi." Ta shafa ƙafarsa. "Yi haƙuri, yau ai za ka sauke masa. Yau Hashimu zai yi barci."

Mushe Rashidu ya turo takardar, ya ɗora biro a kai, ya kawar da fuska. "Nan, da nan. In ka sa, ni zan shigar da ita ciki."

Zakiru ya ɗauki biro. Ya dubi Haula, ba tsohuwar ba, ba takardar ba, ita ya duba. A idonsa ta ga zai sa. Saboda ita zai sa, ya aure ta, ya zauna da ita shekara da shekaru yana zabura duk lokacin da salula ta yi ƙara. Ta ga kanta tana zuba masa tuwo a gidan da ubanta ya kama musu, tana sanin kuɗin nonon marayu uku ne sadakinta. Son da take masa bai taɓa yi mata ciwo irin na yau ba.

Bakin biro ya taɓa takarda.

Haula, wadda ko gefen rigarsa ba ta taɓa taɓawa ba, ta kama wuyan hannunsa a gaban mutane.

"Kada ka sa."

"Haula..."

"Na ce kada ka sa!"

"Kin san abin da kike yi? An ce mini azahar fa manyan Sharifu suke zuwa. Sake ni, don girman Allah sake ni in gama, kafin zuciyata ta..."

"Na sani. Na fi ka sani." Kuka ya ci ƙarfinta, amma ba ta saki hannun ba. "Zakirun da nake so shi ne wanda ya ɗaga hannu a gaban gawa. In ka sa wannan, wa za a kawo mini? Ka biya ta, Yaya Zakiru. Ka fara da ita."

Biron ya faɗi ƙasa. Zakiru ya kifa kansa a tebur, yana wani irin kuka marar sauti wanda ya sa Mushe Rashidu ya tashi ya fita daga rumfarsa.

Tsohuwa Aisata ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Lafiya? Ba a danna yatsan ba ne yau?"

"Ba sai kin danna ba, Inna," Haula ta ce, tana share fuska. "Shanunki na nan zuwa. Zai ɗan ɗauki lokaci, amma suna zuwa."

"Allah ya yi miki albarka, amarya. Allah ya ba ku zuri'a mai yawa, ke da shi."

Haula ba ta iya cewa amin ba. Ta ja mayafinta ta fita, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

Ba ta koma lakwal ba. Ta yi ta yawo a bayan gari, ta wuce karar shanu, ta wuce rijiyoyi, har aka kira azahar. Sannan ta nufi gida.

Motoci biyu ta tarar a ƙofa. Takalman manya jere a bakin zaure, ƙamshin turare har waje. Ta so ta bi ta ƙaramar ƙofa, sai ta ji muryar Alhaji.

"Haula ce? Zo nan."

Ta durƙusa daga waje, inda baƙi ba za su ga fuskarta ba. Alhaji ya fito, ya tsaya a kanta. Ya ga idanunta, ya rage murya, don shi ma a ransa Zakirun yake so.

"Ya sa hannu?"

"Bai sa ba, Baba."

"Ya ƙi ke nan. Ya zaɓi bashi ya bar ki."

"A'a, Baba. Ya ɗauki biro zai sa. Ni na riƙe masa hannu."

Haula ta ji ƙarar carbin Alhaji Na'Allah ta tsaya. Can ya ce, a hankali, yadda ba wanda zai ji sai ita:

"Ke kika faɗi maganar nan, ba ni ba. In kin janye, yanzu zan shiga in ba su haƙuri karo na huɗu, in sha kunyata. Kin janye?"

Inna na bayan ƙofa, ta dafe ƙirji, tana yi mata alama da ido. Kalma ɗaya ce kawai. Amma da wane bakin za ta janye nata, ita da ta hana mutum janye nasa da safen nan?

"Ban janye ba, Baba."

Alhaji ya share fuskarsa da hannun riga, ya juya cikin gida, ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Hajiya, kawo faranti. A karɓi goron mutane."